Mi ya sa wani bokiti ke saurin fashewa?

Da yawa daga cikin bokitai, jarkoki da ledodin da muke saye a kasuwa, da wata roba ake yin su mai suna foliyetilen. Daga man fetur ko iskar gas ake samo ta. A Ingila aka gano hanyar haɗa ta wadda ma'aikatu za su iya amfani da ita, cikin shekarar 1933.

Amma ba kullum ne ake ƙera kaya da roba zalla ba. Masu ma'aikata sukan gauraya ta da garin farin dutse, irin dutsen da ake haƙowa a Malbaza domin yin siminti. Ana niƙa shi har ya fi garin alkama laushi, sannan a cuɗa shi da narkakkar roba.

Babban dalilinsu shi ne kuɗi, gama dutse ya fi roba araha nesa ba kusa ba. Kuma in an sa shi daidai yana da amfani: kayan sukan yi tauri, ba su lanƙwashewa.

Ɓarnar tana zuwa in an cika shi. Ku duba magini wanda ya yawaita rairayi ya rage siminti. Gininsa zai tsaya, amma ba zai daɗe ba. Haka bokitin da dutse ya yi wa yawa. Da ya faɗi bakin rijiya, sai ya tsage. Rana kuma tana ƙara masa rauni, don haka kar a bar shi a fili. Mai sayen irin wannan bokiti, araha ta ja shi, ya saya sau biyu.

Ga yadda za a gane. Ya fi ɗan'uwansa nauyi, ba shi da sheƙi, kuma in an ɗan lanƙwasa bakinsa sai wurin ya yi fari. In akwai fasasshe a gida, a jefa guntunsa cikin ruwa. Foliyetilen zalla tana tasowa sama. In dutse ya wuce wajen kashi 1 cikin 10, guntun yakan nutse.

Shi garin dutsen ba guba ba ne, sinadarinsa ɗaya da na ɓawon ƙwai. Abin tsoro shi ne jarkar da aka taɓa zuba wa maganin ƙwari ko man mota. Roba tana shan magani, wanki ba ya fid da shi duka. Kar a zuba mata ruwan sha, ko nono, ko man gyaɗa.