Layin da Kake Barin Iyalinka a Ciki

Shirinmu na wannan mako ya taɓo abin da ya shafi duk wanda sana'arsa ta tafiya ce. Kai da ke ɗaukar kaya daga Maraɗi ka bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, da kai mai kora shanu kudu idan rani ya yi, kwananka a hanya ya fi kwananka a gida yawa. To wa ke riƙe maka gidan? Amsar ita ce layinku, wato mutanen da ƙofarsu ke kallon taka.

A tsofaffin unguwanni irin su Bagalam ko Limanci a Maraɗi, maƙwabcinka galibi danginka ne, ko kakanninku sun san juna. Unguwannin bakin gari kamar Ali Ɗan Sofo da Zariya ba haka suke ba. Fili aka yanka, kowa ya saya ya gina. Sai ka ga Bahaushe, Bafulatani, Buzu da Bazabarme a layi guda, ba wanda ya san asalin wani. Haka abin yake a gefen Ƙonni, Katsina da Daura. A irin wannan wuri ba a gadon maƙwabtaka, gina ta ake yi kamar yadda ake gina katanga.

Idan a irin wannan layi ka tashi, ka tuna kwanon ciyayya. Da magariba sai a ɗora wa yaro tuwo a ce kai gidan wance, ya dawo da kwanon dambu ko ƙwaryar fura. Mu yara a lokacin aike kawai muka ɗauke shi, amma iyaye mata da shi suke sanin halin da kowane gida ke ciki. Gidan da aka kwana biyu hayaƙi bai tashi ba, ba sai an yi roƙo ba, kwanon da za a kai musu ne zai ƙara nauyi.

Ka tuna kuma da farin wata: ƴan mata na gaɗa a dandali, maza na langa, wasu na jan motar kara. In azumi ya kai kwana 10 a fita tashe gida-gida. In an kawo sabon fim ɗin Kano, yaran layi duka su cika tsakar gidan da ke da talabijin. A nan ne ɗan makiyayi ya koyi lissafin canji a bakin ɗan mai tebur, shi kuma ya koyi gaisuwa da Fulatanci. Kowane babba yana da ikon tsawata wa kowane yaro, don ɗa na kowa ne. Yaron da ya yi fashin makarantar allo ko lakwal, kafin ya iso gida labari ya riga shi.

Akwai kuma ɓangaren kuɗi. Matan layi na zuba adashe, suna yi wa juna biki a suna da aure. Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a yankin Maraɗi a 1991, a kan wannan yarda aka kafa shi: ana zubi kowane mako, mai buƙata ta ranta ta biya. Samari na da fadarsu ta shayi, wadda a Najeriya ake cewa majalisa, kuma su ne ke fara ganin baƙuwar fuska da dare.

An ga amfanin duk wannan lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ciniki ya tsaya, wasu magidanta sun maƙale a tsallake. Wanda ya zauna lafiya da layinsa, mai kanti ya ba iyalinsa bashi, maƙwabci ya kai ɗansa likita. Wanda ya rufe ƙofa bai san kowa ba, iyalinsa su kaɗai suka sha wahalarsu.

Ba a ce zaman ba shi da saɓani ba, ai zo mu zauna zo mu saɓa ne. Abin da ya fi haɗa faɗa a bakin gari uku ne: dabbar da aka saki ta ci shukar wani ko hatsin shanya, ruwan wanka da ke kwarara ƙofar maƙwabci, da faɗan yara da manya ke shiga. Kowannensu in an kai wa mai unguwa ko liman da wuri, a zaune ake kashe shi. In aka bari ya kai ga ƴan sanda, kuɗi ya tafi, gaisuwa ma ta tafi.

Saboda haka idan ka tare a sabon layi, fara da zuwa wurin mai unguwa ka gabatar da kanka, ka faɗi sana'arka, don kada a riƙa zargin fitarka da shigarka cikin dare. Ka riƙa sallah a masallacin layi in kana gari. Ka ɗaure dabbobinka, ka kwashe taki kafin damina. Kafin ka yi tafiya, ka sallami maƙwabci ɗaya da ka yarda da shi, ka bar masa lambar wayarka ta nan da ta tsallake. In ka dawo, ko nono ne ko sabulu, ka aika tsaraba. Kada ka hana uwargida zuwa barka da gaisuwar rasuwa, don zumunta a ƙafa take. Yara kuma a bar su su yi wasa da na maƙwabta, ana dai lura da su.

Muna jiran saƙonninku kan yadda ake zama a naku layin, za mu karanta su a shiri mai zuwa. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya sa su tarar da iyali lafiya.