Kasuwanci Cikin Rashin Tabbas: Abin Da Ya Sauya Lissafin Fatake a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, arewacin Zamfara ya zama mahaɗar fatauci. Gyaɗa da auduga su bi jirgi su yi kudu, dabbobi kuma su gangaro daga Nijar zuwa karar Shinkafi ranar Alhamis. Harkar ta tsayu ne a kan abu biyu: ajiya da bashi. Mai jari ya sayi gero da wake da kaka, ya kimsa a sito sai bazara. Dillali ya tsaya wa baƙo a ba shi shanu, a biya kasuwa mai zuwa. Duka biyun suna buƙatar mutum ya amince cewa gobe za ta yi kama da yau. Wannan amincewar ce ta raunana a shekarun nan, kuma halin 'yan kasuwa ya sauya tare da ita.

Kasada ba baƙuwa ba ce ga falke. Ya san fari, ya san faɗuwar farashi, ya san ɓarawon hanya, kuma yana saka su cikin lissafinsa. Masanin tattalin arziki na Amurka, Frank Knight, ya rarrabe tun 1921 tsakanin haɗarin da ake iya ƙiyastawa da wanda ba ya ƙiyastuwa. Na farko ana ƙara masa riba a ci gaba da ciniki. Na biyu shi ke sa mai kuɗi ya naɗe hannu.

Musabbabi na farko na wannan rashin tabbas shi ne 'yan bindiga. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya sun zama wuraren tare matafiya, ga harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin shuka da kafin girbi. A 2024 an ruwaito yadda jagoran 'yan bindiga Bello Turji ya yanka wa mutanen Moriki harajin miliyoyin naira. Illar da ta fi asarar kuɗin ita ce, dukiya da kanta ta zama abin tsoro. Garken shanu yana jawo ɓarayi, cikakken rumbu yana jawo wuta, sabon gida kuwa yana faɗa wa infoma nawa za a nema na fansa.

Musabbabi na biyu, wanda ba a cika ambata ba, shi ne matakan hukuma na bagatatan. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a farkon Satumba. A farkon 2023 canjin takardun naira ya ƙafar da tsabar kuɗi, har Zamfara da Kaduna da Kogi suka garzaya Kotun Ƙoli. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyaka sai Maris na 2024. Kowane mataki yana da hujjarsa, musamman toshe wa 'yan daji hanyar abinci da mai. Amma wanda ya turke raguna, ko ya ba da kaya bashi, ya wayi gari babu kasuwa, babu sabis, babu wanda zai faɗa masa ranar buɗewa.

Daga nan aka samu sababbin ɗabi'u. Manomi ya daina jiran bazara. Yana sussuka yake sayarwa, ko da farashin kaka ya karya shi, domin buhun da ya zama kuɗi a aljihu ya fi sauƙin gudu da shi. Bashi ya taƙaita, an koma kuɗi hannu, tun da wanda ka ba kaya yau yana iya kwana a daji gobe, iyalansa su sayar da komai su fanso shi. Fatake sun daina ɗaukar damin kuɗi, sai tiransifa da masu POS. Direbobi kan taru a tasha sai rana ta ɗaga, su tambayi wanda ya fito ko hanya lafiya, sannan su tashi a jere, kuɗin mota kuwa ya haura. Masu hali da dama sun kwashe iyali da jari zuwa Gusau, Sakkwato ko Kano, suna juya harka ta waya.

Ga mutum ɗaya, wannan taka-tsantsan hikima ce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma idan kowa ya yi haka, gari ne ke asara. Hatsin da aka sayar da arha da kaka yana komawa sitocin birni, ya dawo da tsada lokacin da manomi ya fi buƙatarsa. Ƙaramin ɗan kasuwa, wanda jarinsa amana ce kawai, shi ne farkon durƙushewa. Matashin da ke lodi ko jan dabba a kara ya rasa na cefane, zaman banzansa kuma riba ce ga masu neman infoma. Akwai waɗanda suka amfana, kamar masu POS da manyan 'yan sari masu iya jure asarar mota guda, sai dai ribar tana taruwa a hannun tsiraru. Amfani na zahiri da aka samu shi ne mutane da yawa sun buɗe asusun banki, ko da yake katse waya na 2021 ya nuna cewa wannan ma yana iya tsayawa dare ɗaya.

Gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da rundunar tsaro ta Askarawan Zamfara a Janairun 2024, kuma tsaro shi ne maganin asali. Amma akwai abin da ba ya jiran ƙarshen yaƙi: a riƙa raka motoci ranakun kasuwa a kan lokaci sananne, a tuntuɓi sarakunan kasuwa da shugabannin dillalai kafin a rufe kara, kuma duk dokar hani ta zo da wa'adi. Ɗan kasuwar Shinkafi ba ya neman a kawar masa da kasada. Abin da yake roƙo shi ne hukuma ta daina zama ɗaya daga cikin abubuwan da ba zai iya lissafawa ba.