Steve Bloomer da rigimar biyan 'yan ƙwallo albashi

Har gobe akwai masu cewa kuɗi ne ya ɓata ƙwallon ƙafa, wai da can mutane don sha'awa kawai suke buga ta. Tarihin Steve Bloomer, ɗaya daga cikin 'yan wasan farko da suka ci abinci da ƙwallo a Ingila, ya isa ya sa a sake duba wannan magana. An haife shi a Cradley a shekarar 1874, ɗan talakawa, iyayensa suka koma Derby yana ƙarami, ya tashi yana aikin ƙarfi a masana'antar narka ƙarfe. Yaron da ke wuni a gaban wuta kwana shida a mako ba shi da halin barin aiki ya tafi atisaye ko ya bi ƙungiya wani gari, sai in akwai wanda zai biya shi ladan ranar. Da hukumar ƙwallon Ingila ba ta halatta biyan 'yan wasa a 1885 ba, da wuya a ji sunansa.

Waɗanda suka fi yaƙar albashin kuwa 'ya'yan masu hali ne da suka fito daga makarantu irin su Eton. Mai ƙoshi ne ke iya cewa wasa ba sana'a ba ne. Abin ya fara yi musu ciwo tun 1883, ranar da Blackburn Olympic, ƙungiyar ma'aikata daga arewa, ta doke tsofaffin ɗaliban Eton ta ɗauke kofin FA. Ƙofar da aka buɗe a 1885 ce ta shigo da Bloomer cikin Derby County a 1892, siririn saurayi mai bugu da kowace ƙafa ba tare da ɓata lokaci ba. Ya ci wa Derby ƙwallo 332, adadin da har yau ba wanda ya kamo a ƙungiyar, ya kuma ci wa Ingila 28 a wasa 23 kacal.

Mai musu zai ce to ai ga shi nan, tun lokacin aka fara cinikin mutane: Middlesbrough ta sayi ɗan wasa Alf Common fam 1,000 a 1905, shekara ta zagayo ta sayi Bloomer fam 750. Gaskiya ne, kuma jaridun zamanin sun yi ta surutu. Amma aljihun wa kuɗin ya shiga? Ƙungiya ce ta biya ƙungiya. Shi ɗan wasa, tun 1901 an ƙayyade masa fam 4 a mako, komai gwanintarsa, kuma ba ya iya sauya sheƙa sai da yardar masu ƙungiyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In akwai ɓarna, a wannan rabon take.

Shi ya sa mutumin da ya cika filaye da 'yan kallo shekara ashirin bai ajiye abin da zai zauna ya huta ba. Yana da shekara 40 ya tafi Berlin aikin koci a 1914, yaƙi ya ritsa da shi, Jamusawa suka tsare shi a sansanin Ruhleben, tsohon filin sukuwa. Bayan yaƙi neman abinci ya kai shi Sifaniya, inda ya jagoranci Real Unión ta garin Irun ta doke Real Madrid ta ci kofin sarki a 1924. Ya rasu a Derby a 1938, ƙa'idar ƙayyade albashin kuwa ba a soke ta ba sai 1961.