Kafin Ka Kai Kwamfutarka A Yi Mata Fomatin, Duba Abin Da Ke Cin Ƙarfinta

Da yawa cikin matasan da ke riƙe da laftof a Talata Mafara, musamman ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da masu zuwa karatu daga Bakura da Maradun, ta hannu suka saya. Yawanci HP EliteBook ce, ko Dell Latitude, ko ThinkPad, wadda aka ɗauko daga Farm Centre a Kano, mai RAM 4GB ko 8GB. Idan ta fara nawa, maganin da aka fi ji shi ne "a yi mata fomatin". A biya kuɗi, a goge komai, wani lokaci har da babi uku na firojet da ba a ajiye a filash ba. Bayan wata ɗaya ta koma gidan jiya, domin ba a gano abin da ke damunta ba tun farko.

Kai da ke riƙe da Android ka riga ka san rabin aikin. Idan wayarka tana zafi, kana shiga Settings ka ga manhajar da ke shan batir, ka danna Force stop. Windows ma tana da irin wannan wurin, kuma ya fi na waya bayani nesa ba kusa ba.

Task Manager

Danna Ctrl da Shift da Esc lokaci ɗaya. Tagar da za ta buɗe ita ce Task Manager, wadda wani injiniyan Microsoft mai suna David Plummer ya rubuta, ta fito cikin Windows NT 4.0 a 1996. A shafin Processes za ka ga duk manhajar da ke aiki a wannan lokacin, har da waɗanda ba ka buɗe da hannunka ba. A gabansu akwai layuka huɗu da suka shafe ka: CPU, Memory, Disk da Network. Danna kan kowanne, mai cin kaso mafi yawa zai hau sama.

Karanta lambobin shi ne aikin. Idan Memory ta haura kashi 90 cikin ɗari, RAM ce ta cika, kuma sau da yawa Chrome ne da shafuka ashirin a buɗe. Rufe shafukan ya fi fomatin amfani. Idan kuwa Disk ce ta tsaya a kan 100 alhali CPU ba ta wani aiki, to mai yiwuwa kwamfutarka tana da tsohon hadis mai juyawa, wanda Windows 10 da 11 suka yi wa nauyi. Wannan ko sau goma aka yi fomatin ba zai warke ba. Kuɗin da za ka yi ta biya gara ka tara ka sa mata SSD, ko da mai 128GB ce. A ganina babu gyaran da ke sauya tsohuwar laftof kamar wannan.

Akwai wani wuri da mutane ba sa leƙawa. Shiga Performance, ka zaɓi CPU, ka dubi inda aka rubuta Speed. Idan kana aiki mai nauyi amma ka ga gudun ya maƙale ƙasa da 1 GHz, kwamfutar ce ke rage wa kanta gudu. Dalili biyu ne suka fi yawa a wajenmu. Na farko zafi: ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga ranar Maris da Afrilu, ga shi an ɗora ta a kan katifa. Na biyu caja: wasu laftof, musamman Dell, idan ba su gane cajar da aka sa musu ba sai su rage gudu da gangan. Babu bairos a nan. Shara fankar ke buƙata, ko cajar kirki.

Daga nan ka wuce shafin Startup, wanda ke lissafa manhajojin da ke tashi da kansu da zarar ka kunna kwamfuta. Teams, Spotify, Skype, IDM, uTorrent, duk wanda ba ka buƙata da sassafe ka danna masa Disable. Ba goge shi ka yi ba, hana shi tashi kawai ka yi.

Amma ba kowane suna da ba ka gane ba ne za ka kashe. Ka bar csrss.exe da wininit.exe da lsass.exe, domin rufe su na iya kashe kwamfutar nan take, aikin da ba ka adana ba ya tafi. Ganin svchost.exe da yawa ba matsala ba ce, haka Windows take. Antimalware Service Executable kuma mai gadinka ne, wato Microsoft Defender. Wanda za ka iya taɓawa ba fargaba shi ne Windows Explorer: idan fuskar kwamfuta ta sandare, danna masa Restart, sai ta farfaɗo ba tare da ka kashe na'urar ba.

Idan kana zargin akwai ɓarawo a ciki

Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin Office da CorelDRAW da wasannin ƙwallo da ke yawo a filash a tsakaninmu fasassu ne. Wasu suna zuwa da baƙo. A 2021 kamfanin Avast ya bayyana wata muguwar manhaja da ya kira Crackonosh, da aka ɓoye cikin fasassun wasanni irin su GTA V, ta shiga kwamfutoci sama da 200,000 tana haƙo kuɗin kirifto na Monero wa masu ita. Alamarta a wajen mai kwamfuta ita ce fanka na ihu, batir na ƙarewa da wuri, alhali bai buɗe komai ba.

A nan ne Process Explorer ke da amfani. Mark Russinovich ne ya rubuta ta a ƙarƙashin Sysinternals, wanda Microsoft ta saya a 2006, kuma kyauta ce, 'yan megabait kaɗan, ba ta buƙatar a girka ta. Tana nuna maka wace manhaja ce ta haifi wace, a wane folda take zaune, kuma wane kamfani ya sa mata hannu. Svchost na gaskiya a cikin C:\Windows\System32 yake zama. Idan ka gan shi a AppData ko Temp, akwai magana. A cikin Options kana iya kunna VirusTotal, sai ta tambayi manhajojin kama bairos sama da hamsin game da kowane abu da ke aiki. 'Yar'uwarta Autoruns kuma tana tono duk maɓoyar da manhaja ke laɓewa don ta tashi da kanta, har waɗanda Task Manager ba ta nunawa. Daga shafin Microsoft kawai za ka sauke su.

Batun data shi ma a nan yake. Kana haɗa hosfot, kafin ka ankara gig ɗaya ya tafi. Shiga Settings, Network & internet, Data usage, za ka ga abin da kowace manhaja ta sha cikin kwana 30. Sannan ka shiga bayanan hosfot ɗin ka kunna Metered connection, Windows za ta rage sauke manyan abubuwa a bayan idonka.

Gyara fuskar kwamfuta

Kowa na son tasa ta yi kyau. Rainmeter na sa agogo da ma'aunin batir a kan fuska, akwai masu sa hoto mai motsi, amma duk suna zaune ne a cikin RAM ɗin da dama ba ta isa ba. Mai 4GB ya haƙura da su. Ya ma shiga Performance Options ya zaɓi Adjust for best performance, ya ga yadda tagogi za su riƙa buɗewa.

Wadda nake ba da shawara ita ce PowerToys, ta Microsoft da kanta. Tun zamanin Windows 95 sunan yake, aka dawo da ita a 2019 kyauta. PowerRename na sauya sunan hotuna ɗari a lokaci ɗaya, Image Resizer na rage girman fasfo kafin a ɗora shi a shafin rajista, abin da masu shagon buga takardu ke yi kullum. Keyboard Manager kuwa na ba ka damar mayar da aikin maɓallin da ya mutu kan wani, ko ka sa wasu maɓallai su riƙa rubuta maka ƙ da ɗ da ɓ. Sassan da ba ka amfani da su ka kashe, domin su ma suna cin nasu rabon.

Manhajojin da ke alƙawarin "wanke" kwamfuta ko ƙara mata gudu da dannawa ɗaya, ka bar su. Ko CCleaner da ta yi suna, a 2017 masu kutse sun cusa muguwar manhaja a cikinta, mutum sama da miliyan biyu suka sauke, balle wadda aka tura maka a WhatsApp.

Kuma ka duba wace Windows kake kai. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar masarrafar Intel da ta gaza zubi na takwas, in ban da 'yan kaɗan. Idan taka Core i5 ce zubi na huɗu ko na shida, kamar yawancin na kasuwa, ka fara tunanin Linux Mint. Can ma akwai System Monitor da htop, masu aiki irin na Task Manager.