Gudun da Ba a Rubuta Ba, Wa Zai Shaide Shi?

A kan titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, da hanyoyin Roni, Gwiwa da Babura, ba a rasa masu fita gudu bayan sallar asuba. Wasu 'yan ƙwallo ne, wasu suna shirin neman aikin soja ko ɗan sanda, wasu kuwa likita ne ya ce su riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga. Abin da yawancinsu suka rasa shi ne lissafi. Ka tambayi mutum nisan da ya yi, sai ya ce ya kai bakin dam ya dawo. Wannan amsa ba ta nuna ko ya ƙara sauri a kan makon jiya, kuma babu mai horarwar da zai ɗauki ɗan wasa da ita. A ganina, lokaci ya yi da masu gudu a yankin nan za su riƙa rubuta gudunsu da wayar da ke aljihunsu, su kuma nuna shi ga waɗanda suka dace.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuya. Wayar zamani tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,000, kuma da saƙon guda huɗu take gane inda mai ita yake. Manhaja irin su Strava, wadda aka kafa a Amurka a 2009, takan haɗa waɗannan wurare ta fitar da nisa, lokaci, mintunan da aka ci a kowace kilomita, da tsayin tudun da aka hau. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a ƙasa mai duwatsu kamar Kazaure da Roni, domin kilomita biyar a hawa ba ɗaya take da biyar a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Babura ba.

Amfanin farko na lafiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai tsanani kamar gudu. Wanda ba ya ƙirga ba zai san ko ya cika ba. Na biyu shi ne hujja. Tun 2013 ake tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo, tun 2016 kuma ake gudun fanfalaki na Legas mai kilomita 42.195, inda 'yan Kenya da Habasha suke yawan lashe manyan kyaututtuka. Yaron Gwiwa da zai iya nuna gudun wata shida, kowanne da rana da lokacinsa, yana da abin da zai aika wa mai horarwa a Dutse ko Jos. Gani ya kori ji.

Akwai masu cewa wannan harkar masu kuɗi ce. Gaskiya ne waya da caji suna da tsada, amma karɓar saƙon GPS ba ya cin data, sai lokacin tura sakamako, kuma waya ɗaya za ta iya auna wa tawagar da ke gudu tare nisan hanyarsu. Wasu kuma suna ganin nuna sakamako alfahari ne. Wannan ya danganta da niyya da kuma waɗanda aka nuna wa. Abokai goma da ke ganin gudun juna ƙarfafa gwiwa suke yi, domin wanda ya yi fashi za a tambaye shi ko lafiya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro, kuma bai kamata a raina shi ba. A Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da Strava ta wallafa ta fallasa fasalin sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna atisaye da na'urorinsu a kunne. Idan haka ta faru da soja, to mutumin da kullum yake fara gudu daga ƙofar gidansa ya sanar da duniya inda yake kwana da lokacin fitarsa. Maganin yana cikin manhajar: a ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, a taƙaita masu gani ga waɗanda aka sani, a tura alƙaluma ba tare da taswira ba. Mata da jami'an tsaro su suka fi buƙatar kiyaye wannan.

Kazaure ba baƙuwa ba ce a harkar kwamfuta. Tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga kuma cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Jihar Jigawa. Ɗalibansu za su iya koya wa ƙungiyoyin matasa amfani da waɗannan manhajoji, har su ƙirƙiro mai magana da Hausa. Kira na ga sassan wasanni na ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura shi ne su auna hanya guda ta kilomita 10, su shirya tsere duk shekara, su kuma adana sunaye da lokutan waɗanda suka yi fice.