Kunkurun gidanka da tsutsar ciki: kada ka ba shi maganin shanu

A gidajen GRA na Bauchi, inda fili ke da faɗi kuma ciyawa ba ta yankewa, ba abin mamaki ba ne ka shiga ka tarar da kunkuru yana tafiyarsa a bayan gida. Mafi yawansu irin manyan nan ne na Sahel da masana ke kira sulkata, wanda zai iya wuce kilo 40 kuma ya rayu shekara 50 ko fiye. Yara suna sonsa, ba ya kuka, ba ya cizo, don haka ba a cika lura da lafiyarsa ba sai ranar da mai shara ya ga tsutsa a kashinsa. Daga nan sai a aika yaro kanti a sayo "maganin tsutsa". A wannan aiken ne ake rasa kunkuru da yawa.

Kafin komai, ka tabbatar abin da ka gani tsutsa ce. Farin abin nan mai kama da alli ko man goge haƙori da kunkuru ke fitarwa fitsarinsa ne, haka Allah ya halicce shi. Tsutsar da aka fi samu ƙanana ce fara kamar guntun zare, tana zaune a babban hanji. Kusan kowane kunkuru mai cin ciyawa yana ɗauke da ita, kuma idan ba ta yi yawa ba likitocin dabbobi da dama ba sa taɓa ta. Wadda ta fi damuwa ita ce doguwa mai kama da macijin ciki, domin tana iya toshe hanji. Alamomin da za su sa ka tashi tsaye su ne zawo mai wari, ƙin cin abinci, amai, ido ya faɗa, ko ka ɗaga shi ka ji ya yi sakayau kamar ƙwarya.

Me ya sa kunkurun gida ya fi na daji tara tsutsa? Ƙwan tsutsa yana fita da kashi, ya zauna a ƙasa, kunkuru ya sake haɗiye shi da ciyawa. Na daji yana yin kashi ya wuce gaba. Naka kuwa katanga ta kewaye shi, inda ya yi nan zai yi kiwo gobe, kuma da damina ƙasa mai laima tana riƙe ƙwan ya daɗe.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗaya daga cikin magungunan tsutsa da ke hannun mutanen jiharmu shi ne ivermectin. Shi ne allurar da makiyaya ke yi wa shanu da tumaki, ana sayar da shi da sunaye irin su Ivomec, kuma shi ne ƙwayar Mectizan da ake rabawa kyauta don cutar makantar rafi tun bayan da kamfanin Merck ya fara bayar da ita a 1987. Magani ne mai albarka ga mutum da saniya. Ga kunkuru guba ne. Yana ratsawa zuwa jijiyoyi da ƙwaƙwalwarsa, ƙafafu su saki, wuya ya langaɓe, numfashi ya gagara. Likitocin dabbobi a Amurka sun wallafa wannan tun 1983, kuma babu wani magani da ke karya shi idan ya shiga jiki. Kada mai kanti ya ce maka a rage yawansa; ɗan kaɗan ma yana kisa. Ka karanta kwalin duk maganin kare ko kyanwa da ke gidanka, wasu suna ɗauke da shi.

Abin da likitocin dabbobi suka fi amfani da shi ga kunkuru shi ne fenbendazole, wanda aka sani da Panacur, ta baki, a maimaita bayan kamar mako biyu. Da gangan ban rubuta adadin ba. Ana lissafa shi ne da nauyin dabbar, kuma idan ya yi yawa yana rage fararen ƙwayoyin jini. Ragowar albendazole na yaranka ma ba nasa ba ne. Ka auna shi a sikeli, ka kai wa likitan dabbobi nauyin tare da kashin da bai wuce kwana ɗaya ba a cikin roba mai murfi, a duba da madubin likita. Idan ya ƙi yi, zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai kai hancinsa ba na minti 20, yawanci zai saki. Idan ana buƙatar bincike mai zurfi, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ba ta da nisa da mu.

Wajen bayarwa, a shafa maganin a ganyen da yake so. Kada a kifar da shi a ɗura masa, zai shaƙe. Kuma a guji ba shi magani a tsakiyar hunturu lokacin da ya lafe ba ya ci, domin hanjinsa ba ya motsi sosai a sanyi.

Magani ba zai yi amfani ba idan kashi na nan zube. A kwashe shi kullum, a wanke kaskon ruwansa, a daina zuba masa abinci a ƙasa. Tuwo, shinkafa da yawan kankana suna lalata masa ciki. Ciyawa da busasshen ganye ne abincinsa.

Iyaye mata sukan tambaye ni ko tsutsar za ta kama yara. Ƙananan nan na kunkuru ba sa rayuwa a cikin ɗan Adam. Abin tsoron shi ne ƙwayar salmonela, wadda kunkuru mai ƙoshin lafiya ke ɗauke da ita a kashi da ƙoƙon bayansa, tana jawo zawo da zazzaɓi mai tsanani. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba tun 1975. Yaron da bai kai shekara 5 ba kada ya hau shi ko ya yi rarrafe a inda yake kiwo, duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, kuma kada a wanke kaskonsa a wurin wanke-wanken kicin.