Kafin A Kori Baban Bola Daga Abuja, A Tambayi Ina Ƙarfen Ke Zuwa

A tsakiyar watan Janairun 2025 kwamitin tsaro na Babban Birnin Tarayya, ƙarƙashin minista Nyesom Wike, ya haramta wa 'yan baban bola yawo a cikin Abuja. An ce su koma manyan bololin bayan gari, aka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu don a tantance masu su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ana kwashe murafen ƙarfe na magudanan ruwa, a bar ramuka buɗe a tsakiyar titi. Mutane suka yi ta tafi. A 2018 ma, zamanin Muhammad Musa Bello, an yi irin wannan doka, aka yi irin wannan tafi, ba a daɗe ba kurar baban bola ta dawo layi.

Abin da ba a so a faɗa shi ne, yaron nan mai buhu da maganaɗisu shi ne kusan duk abin da Abuja ta mallaka na sake sarrafa shara. Motocin 'yan kwangilar hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, kwashewa suke yi su kai bolar Gosa su juye, ba su ware komai. Mai warewa shi ne baban bola. Ya kai wa mai sikeli, mai sikeli ya tara wa dila, dila ya loda tirela zuwa masana'antun da ke narka ƙarfe su fitar da rodi. Gorar ruwa a niƙa ta, kwali ya koma kiret ɗin ƙwai. Gwangwanin lemo kuwa, narka shi na cin kusan kashi 5 cikin ɗari kacal na makamashin da ake ƙonawa wajen yin sabon alminiyom.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake kawo mana zancen sake sarrafa shara a tarukan otal kamar sabon ilimi daga Turai. Bahaushe bai san shara a matsayin abin zubarwa ba. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna shigowa birni da jakuna, su sauke itace, su cika mangala da toka da kashin awaki da sharar gida, su kai gona. Wannan takin na cikin abin da ya sa ake noma fili ɗaya kowace damina ba hutu, abin da masani Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari tun daga shekarun 1960. A marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano, dattin da ke kwantawa a ƙasan karofi ba a yar da shi. A ƙona shi ya zama katsi, a haɗa da gashin jima daga hannun majema da ruwan dafara, a samu laso, wanda magina ke shafe soro da shi don kada ruwa ya ci. Sharar sana'o'i biyu ta zama simintin ta uku. Da kayan Bature suka zo ma ba a canza hali ba: gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi, tif ɗin cikinta ya zama guga. Wanda ya taɓa shiga Panteka ta Kaduna ya ga yadda ake zuba tukunya daga tarkacen alminiyom. Jikokin waɗannan mutane ne yau ake kamawa a Wuse da Garki.

Ba na wanke kowa. Akwai ɓarayi a cikinsu, akwai masu leƙen gidaje, kuma rami buɗe a titi yana kashe mutum. Amma murfin ƙarfe ba ya shiga buhu ya ɓace. Wani ne ya auna shi, wani ya biya, wani ya narka. Ɓera ba ya sata sai da rami, mu kuwa ɓeran kawai muke bi.

Wasu sun bi wata hanya. Barazil ta sa masu tsintar shara cikin jerin sana'o'in da hukuma ta sani a 2002, dokarta ta 2010 kuma ta ba ƙungiyoyinsu gurbi a aikin tsaftar gari. A birnin Pune na Indiya, ƙungiyar SWaCH ce ke bi gida-gida karɓar shara bisa yarjejeniya da hukumar birni, kowa da katin shaidarsa.

Ranka ya daɗe minista, a yi wa yaran nan rajista, a ba kowa lamba da unguwar da zai yi aiki, a wajabta wa kowane mai sikeli a kasuwar panteka ta Dei-Dei rubuta abin da ya saya da wanda ya sayar masa. Kai kuma mai gida, ware gora da gwangwani a buhu daban tun daga kicin, ka daina sa ɗan wani yana tona ruɓaɓɓen tuwo da hannu.